Wai keken nan ɗan wace ƙasa ne?

Kai yaro, ka zo kana tambaya ta ya za ka gane asalin tsohon keken tseren da aka kawo jiya tunda an sake masa fenti, alhali wayarka na hannunka kana ɗaukar sitika hoto. Ku 'yan yanzu sitika ce malaminku. Ajiye wayar nan.

Ni ma sitika ce ta cinye min ragon layya. Wani bawan Allah ya shigo min da keke cikin kayan gwanjo, siririyar taya, kai mai lanƙwasa, ga tambarin zalɓen Raleigh a goshi, ga sitikar Reynolds 531, wato ƙarfen bodi mai tsada na Ingila, tana ƙyalli, har da rantsuwa wai daga Nottingham aka sauko da shi. Mu da muka taso kan Raleigh har kamfaninsu muka sani a nan Kano, ina ganin zalɓen nan hankalina ya tafi, ban ko ɗaga shi na ji nauyi ba na sayar da ragon na biya. Da dare na zo kwance gindin feda, na kama kofin ɓangaren sarƙa na juya dama yadda ake kwance na Ingila tunda tiredinsa na hagu ne, abu ya ƙi, na zura wa sifana fayif na hau da ƙafa, ashe ɗaurewa nake ƙara yi har tiredi ya ci. Sai da na goge baƙin mai na ga lambar tiredi 35 x 1 a jiki. Ɗan Faransa ne, mai arahar ma! Tambarin da gam aka manna shi, ramukan kusar ba su ma yi daidai ba. Mutumin har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba, shekarar nan naman maƙwabta muka ci, uwargida ta yi wata tana min gori.

To ka kifa keken ka karanta kofin. 1.37 x 24 Ingila ne ko Japan, 36 x 24 Italiya, kuma gidan fedar na Italiya faɗinsa milimita 70 ne ba 68 ba. Na Faransa da na Italiya duk ɓangarorin biyu hagu ake kwance su. Sannan ka zaro sandar sirdi ka auna, 531 na gaske ɗan Ingila yawanci 27.2 yake ci, nawa kuwa 25 da ɗan wani abu, fayif ɗin ruwa kawai.

Giya da birki kar ka rantse da su, ana canzawa. Amma in ka ga giyar Simplex da birkin Mafac tare to ka fara zargin Peugeot ko 'yan uwansa, Campagnolo kuwa kayan Italiya ne amma har Raleigh masu tsada sun sa shi. Lambar bodi kuma in sai na nuna maka inda take, gara ka koma facin taya.

Miƙo min sifanar nan, kuma kar ka taɓa kofin sai ina tsaye.