Zan buɗe gidan wanka da ba-haya a Katsina: wane irin wurin fitsari zan gina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan masarufi a Katsina. Na tara naira miliyan 4, ina so in buɗe gidan wanka da ba-haya. Na samu hayar wani fili kusa da babbar kasuwa, faɗinsa mita 4, tsawonsa mita 7. A wajen ana karɓar naira 50 kuɗin fitsari, 100 na ba-haya, 200 na wanka. Falamba ya ce in sayo tangaran ɗin fitsari guda 6 irin wanda ake mannawa a bango, mai sakin ruwa da kansa, wai shi ne ba ya cin wuri, kuma shi ake yayi a otal-otal ɗin Abuja. Kafin in zuba kuɗina ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Sana'a ce mai kyau, ko da yake mutane da yawa suna jin nauyin a ce tasu ce. Duk wanda ya ratsa bayan shaguna da bazara ya shaƙi zarnin da ke tashi daga gindin katanga ya san akwai buƙata. Tun 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba-haya a fili, kuma a 2022 aka ayyana Jigawa, maƙwabciyarmu, a matsayin jiha ta farko da ta cimma wannan buri. Mai gina makewayi a bakin kasuwa yana neman halalinsa, yana kuma rufa wa jama'a asiri.

Sai dai kada ka sayi tangaran ɗin nan shida. Falambanka ya yi gaskiya cewa ba sa cin wuri, amma an ƙera su ne domin mutumin da zai tsaya a tsaye, sanye da wando da ƙaramar riga, ya gama ya juya. Dubi mutanen da za su riƙa shigo maka: ɗan kasuwa da doguwar riga, dattijon da ya kawo hatsi daga Batagarawa ko Rimi, direban da ke sauri ya samu jam'in azahar. Kusan dukansu tsugunawa za su yi, da buta a hannu, kuma babban abin da ke ransu shi ne kada ɗigo ɗaya ya taɓa tufafin da za su yi salla da shi. Tun muna yara ake karanta mana hadisin Ibn Abbas na kaburburan nan biyu, wanda ɗaya daga cikin masu su ake yi masa azaba saboda ba ya kiyaye fitsari. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya, in ya shigo ya ga tangaran a bango, ko dai ya tsuguna a ƙarƙashinsa ya yi a daɓe, ko ya shige ɗakin ba-haya ya tare shi a kan naira 50, ko ya koma gindin katangar da ya saba. Duk ukun asara ce gare ka. Ga shi kuma na'urar da ke sakin ruwan tana son wuta ko batir da ruwa mai ƙarfi a bututu, in ta lalace sai ka yi cigiyar mai gyara. Akwai wani nau'in da ba ya amfani da ruwa sam, wanda ake sa wa wani mai a maƙogwaronsa ya toshe wari. Shi ma bai dace da mu ba, domin ruwan tsarki yana wanke man, kuma kayan canjinsa daga waje ake kawo su.

Abin da za ka gina shi ne jerin wuraren fitsari na tsuguno, a nan kuma ribar take. Mu yi lissafi da farashin da ka kawo. Ɗakin ba-haya mai ƙofa yana cin mita 1 a faɗi, mita 1 da rabi a zurfi. Mu ce kowane mutum zai ɗauki minti 8, ka ga a awa ɗaya mutum 7 ke nan, naira 700. Wurin fitsari na tsuguno santimita 80 a faɗi da mita 1 a zurfi ya ishe shi, kusan rabin wancan. In mutum ya ɗauki minti 3 har da tsarki, mutum 20 ne a awa, naira 1,000. Sai batun ruwa, wanda shi ne zai fi cin kuɗinka a Katsina, tunda ruwan famfo daga madatsar Ajiwa ba kullum yake isa ko'ina ba, kuma za ka dogara ne da 'yan ga-ruwa ko rijiyar burtsatse. Masai na zamani yana shan lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya. Mai fitsari buta ɗaya ta lita 2 ta ishe shi har da ɗauraye wurin. Jarka mai lita 25 za ta sallami masu fitsari 12, ta kawo naira 600, alhali a ɗakin ba-haya mutum 3 za ta sallama, naira 300.

Wannan lissafin na lokacin cunkoso ne, wato gabanin azahar da la'asar da kuma ranar Juma'a. Sauran yini wuraren za su riƙa zama babu kowa. Shi ya sa nake so kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka sa yaro mai amana ya zauna mako guda da takarda da biro kusa da filin, ya ƙirga masu shiga gidan wankan da ya fi kusa, da masu tsugunawa a bayan katanga, awa bayan awa. Abin da ya rubuto shi zai gaya maka ko jarin zai dawo a shekara ɗaya ko uku.

Yanzu tsarin filin. In ka cire kaurin bango, abin da zai rage maka a ciki kamar mita 3.6 ne a faɗi da mita 6.6 a tsawo. Ka yanke mita 2.2 daga ƙarshe ɗaya ka ba mata, da ƙofarsu daban wadda ba ta kallon ta maza, da mace mai kula da ita. Ina roƙonka kada ka bar wannan ya zama sai daga baya. Mata masu talla da masu cefane suna yini a kasuwa suna matse fitsari, wasu har ƙin shan ruwa suke yi, saboda yawancin gidajen wanka ba a yi tunaninsu ba. Ciniki ne da ba ka da abokin takara a kansa. Sauran mita 4.4 na maza ne: jerin fitsari a jikin bango ɗaya, hanya mai mita 1.1 a tsakiya, ɗakuna 4 na ba-haya da wanka a ɗaya bangon.

Ka kula da alƙibla tun wajen fitar da harsashi. Daga Katsina tana gabas, ta ɗan karkata arewa. Malamai sun bambanta tsakanin biyan buƙata a fili da cikin gini, amma mai shigo maka ba zai tsaya warware wannan mas'ala ba. In ya ga zai fuskanci gabas ko ya ba ta baya, zai karkace a cikin wurin, fitsarin ya sauka inda ba a tanadar masa ba. Ka jera su yadda mai tsuguno zai kalli kudu ko arewa.

A shingen da ke tsakaninsu ake yawan asarar wuri. Bulo mai inci 6, in aka yi masa filasta da tayil gefe biyu, yana kai santimita 20. Da shi wurare 4 za ka samu a mita 4.4. In birkila ya zuba maka falalen kankare sirara masu kaurin santimita 5 ko 6, da rodi a ciki, za ka samu 5. Tsayin mita 1.2 ya rufe mai tsuguno. A gaba ka sa gajeruwar ƙofa wadda ba ta taɓa ƙasa, ta roba ko alminiyam, don zarni yana cin ƙarfe, katako kuma yana jiƙewa ya ruɓe.

Daɓen shi ne zuciyar aikin, a nan nake so ka saki hannu. A yi matakai biyu na ɗora ƙafa, a ɗaga su kamar santimita 6, masu kaushi don kada santsi ya ɗebi mutum. Tsakaninsu a yi kwari mai sulɓi wanda ya gangara gaba zuwa bango. Dalilin gangarar ya wuce gudun ruwa. Fitsari in ya daki wuri a miƙe sai ya fallatso, in kuwa ya same shi a kwance sai ya bi jikinsa ya sulale. Masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun wallafa a 2025 cewa in ruwan ya sauka a karkacen da bai wuce digiri 30 ba, fallatsin yana raguwa matuƙa. Su tangaran na tsaye suka gwada, amma dokar ruwa ɗaya ce. Ka gaya wa birkila ba ka son kwana mai kaifi ko wurin da ruwa zai kwanta ko da cikin cokali ne.

Kada ka yarda da daɓen siminti tsura, ko da an goge shi yana sheƙi. Siminti yana shan fitsari. Shi fitsari lokacin da ya fito ba ya wari sosai, sai ya zauna ƙwayoyin cuta su juya sinadarin yuriya da ke cikinsa zuwa amoniya, wannan shi ne zarni, kuma zafin watan Afrilu yana gaggauta shi. In ya shiga jikin siminti ba omon da zai fitar da shi. Ka sa tayil manya don layin haɗi ya yi kaɗan, a ƙasa da bango har tsayin shingen. In ka samu farantin tsuguno na tangaran ko na silba da aka ƙera guda ɗaya, ya fi.

Kowane wuri ya samu ramin zubarsa zuwa bututu rufaffe, maimakon buɗaɗɗiyar kwata da za ta bi ta gaban kowa ɗauke da fitsarin wasu. Bututun roba mai inci 3, gangarar da ba ta gaza santimita 2 a kowace mita ba, da gwiwa mai riƙe ruwa don kada wari ya dawo, da murfi a ƙarshensa da za a buɗe a zura sanda. Wannan murfin zai cece ka daga fasa tayil, saboda fitsari yana tara wani farin dutse a cikin bututu har ya toshe shi. Ruwan fitsari da na wanka su tafi sokawe nasu daban, kada su shiga ramin ba-haya su cika shi kana biyan motar kwasa kowane wata. Filinka ƙarami ne, don haka ka nemi mai filin ya yarda a haƙa a gabansa, inda mota za ta iya isa. In akwai rijiya ko burtsatse a kusa, a bar tazarar mita 30, musamman saboda amai da gudawa da ke ɓarkewa da damina.

Akwai ƙananan abubuwa da ba su da tsada amma su ne ke sa mutum ya dawo. Ƙugiya ta rataye babbar riga. Ɗan kanta a sama na ajiye waya da kuɗi. Wurin ɗora buta a hannun dama, ɗagagge daga ƙasa, tunda da dama ake zubawa, da hagu ake wankewa. Ni na fi son yaron ƙofa ya riƙa cika butoci daga tanki yana miƙawa, a kan a sa famfo a kowane wuri, don famfo ana barinsa a buɗe. Ka bar sarari kamar rabin mita tsakanin bango da kwano iska ta riƙa ratsawa, ka sa kwano ɗaya ko biyu mai shigo da haske, da ƙwan sola don magariba. Ɗaya daga cikin ɗakunan ka sa masa masai na zama da ƙarfen dafawa saboda tsofaffi da masu ciwon gwiwa. In kana son tangaran na bango, ɗaya tak a ƙarshen jeri ya isa, mai famfon hannu. A waje kuma ka yi wurin wanke hannu da sabulu da wurin alwala kyauta. Mai neman alwala shi ne mai biyan naira 50.

Game da kuɗi, kada ka zuba miliyan 4 duka a gini. Ka ware abin da zai biya ruwa, albashi, sabulu da Izal na wata 3, don mutanen da suka saba da katanga ba rana ɗaya za su sauya ba. Tunda filin haya ne, kuma rami ba kaya ba ne da za ka ɗauka ka tafi da shi, ka rubuta yarjejeniya ta aƙalla shekara 5 a gaban shaidu, a bayyana abin da zai faru da ginin in mai fili ya ce ka tashi. Ka je hukumar tsara birane da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, duba-gari ya zo ya ga wurin kafin haƙa. Ka kuma zauna da shugabannin 'yan kasuwar layin, ka ba masu shaguna damar biyan kuɗin mako gaba ɗaya su da yaransu. Hakan zai rage maka rigimar canji, ya ba ka kuɗin shiga da ka san da zuwansa. Sauran jama'a a yanka musu tikiti mai lamba, da yamma a gwada da kuɗin da ke akwati.

Mai wankewa ka biya shi da kyau, ka saya masa safar hannu da takalmin roba, domin hancin mai shigowa aikinsa yake aunawa. A ɗauraye wuraren da bokiti bayan kowace salla, a goge da burushi safe da dare. Ka ja masa kunne sosai kada ya taɓa haɗa hypo da ruwan asid na wanke tayil, iskar da ke tashi tana iya sumar da mutum a ɗaki ƙarami. Hypo ma sai an fara kora fitsarin da ruwa sannan a zuba shi.

Ranar da birkila da falamba suka ce sun gama, kada ka cika musu ragowar kuɗinsu sai ka sa an kwara bokiti guda a kowane wuri a kan idonka. Ka jira minti 5. Duk inda ka ga ruwa ya kwanta, a ɗaga tayil ɗin a gyara gangarar kafin ka buɗe ƙofa.