Amsa ga ƙanwarmu ta Garwa: abin da alƙalan gasa suke karantawa kafin su ce a'a

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki da natsuwa. Kin ce kin kammala ƙagaggen labarinki da Hausa, kin aika taƙaitaccen bayaninsa tare da babukan farko zuwa gasa fiye da ɗaya, ba a zaɓe ki ba, wasu ma ko amsa ba su aiko miki ba, kuma yanzu kina tunanin ko ki ajiye alƙalami gaba ɗaya, ko ki tara kuɗi ki kai littafin maɗaba'a da kanki. Ina rubuto miki daga Marwa, na daɗe ina koyarwa ina kuma rubutu, na sha shiga gasa na faɗi, kuma an taɓa sa ni cikin masu tace rubuce-rubuce a wata ƙaramar gasa. Shawarata ita ce kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun yanzu, kuma ga dalilina.

A irin gasar da ake neman taƙaitaccen bayani, mai tacewa bai karanta littafinki ba. Abin da ya karanta shafi ɗaya ne, wani lokaci sakin layi ɗaya, a cikin tarin takardun da dole ya gama da su kafin wa'adi. Hukuncin da ya yanke a kan wannan shafin ne. Wannan ya kamata ya kwantar miki da hankali, amma kada ya sa ki sakankance, domin a lokacin da nake tacewa na lura da wani abu da bai taɓa saɓawa ba: marubucin da ya kasa faɗin labarinsa a jimla biyar, yawanci shi kansa bai gama sanin inda labarin ya dosa ba. Raunin da ke cikin taƙaitawa sau da yawa raunin littafin ne ya leƙo.

Mafi yawan bayanan da suka zo hannuna jigo suke faɗa, ba labari ba. Za ki ga an rubuta cewa littafin yana magana a kan illar auren dole, da muhimmancin ilimin 'ya mace, da sakamakon haƙuri, kuma akwai darussa masu yawa a ciki. Duk wannan gaskiya ne, amma mutum ɗari za su iya rubuta wannan jimlar a kan littattafai ɗari daban-daban, don haka ba ta nuna wa alƙali komai game da naki ba. Abin da yake nema shi ne wace ce tauraruwar, me take so ƙwarai, wa ko me ya tsaya mata a hanya, kuma me za ta rasa idan ta kasa. Bari in ƙirƙiro misali. Wata yarinya mai sayar da kifi a bakin kogin Binuwai ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya a Yawunde, sai ta gano cewa kuɗin da mahaifinta ya ba ta na tafiya sadakinta ne da ya karɓa a ɓoye daga hannun mai kwale-kwalen da yake binsa bashi. Idan ta tafi za a ƙwace gidansu, idan ta zauna karatu ya ƙare, kuma mako biyu ya rage a rufe rajista. Ban ambaci auren dole ba, ban ambaci ilimin 'ya mace ba, amma duk suna ciki, kuma mai karatu yana son ya san abin da ta zaɓa. Ki gwada wannan da naki labarin. Idan kin zo wurin abin da tauraruwarki za ta rasa kika ga babu amsa, ko kika ga abubuwa ne kawai suke faɗa mata ita ba ta yanke shawarar komai daga farko har ƙarshe, to aikin yana cikin littafin, kuma gara ki gano haka yanzu da ki gano bayan kin biya kuɗin bugu.

Haka kuma idan an nemi cikakkiyar taƙaitawa, ki faɗi yadda labarin ya ƙare. Marubutanmu da yawa sun saba da salon sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Facebook, inda ake tsayawa a wuri mai zaƙi a ce a biyo mu a ji yadda za ta kaya. Alƙalin gasa ba ya son a ja masa rai, so yake ya tabbatar kin iya sauke abin da kika ɗauka.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu mutanen arewacin Kamaru da 'yan uwanmu na Chadi, kuma ina jin zafinta domin tana kayar da masu basira tun kafin a kai ga labarinsu. Mun yi boko da Faransanci, ba mu koyi rubutun Hausa a aji ba, don haka hannunmu yakan rubuta ou a wurin u, da tch a wurin c, da dj a wurin j, mu bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, mu haɗa kalmomin da ake rabawa mu raba waɗanda ake haɗawa. Ga kuma zama cikin Fulfulde, wanda yakan sa wasunmu su sassauta bambancin jinsin namiji da mace a jimla. Alƙalan gasannin Hausa kuwa galibi malaman jami'a ne da marubuta daga Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, kuma ƙa'idojin rubutu suna cikin abin da suke ba maki. Shafin farko mai cike da irin waɗannan kurakurai yakan sa a ajiye takarda. Maganinsa ba mai wuya ba ne: ki sa haruffan Hausa a wayarki, ki riƙa karanta rubutun da editoci suka tace kina lura da rabon kalmomi, sannan ki nemi wanda ya karanci Hausa a makaranta, ko a Yola ne ko a Mubi, ya bi miki rubutun layi-layi. Amma ina roƙonki kada gyaran ya wuce gona da iri har ya share Garwa daga cikin littafin. Muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, mutanen cikin labarin kuwa su yi magana yadda ake yi a unguwarku, su ci abincinku, su yi ciniki da sefa. Alƙali ya karanta labaran Kano har ya gaji, labarin bakin Binuwai kuwa da wuya ya taɓa gani, kuma wannan ne ribarki a kan sauran.

Game da ko gasa tana da amfani ma, tarihi ya amsa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara tsayawa da ƙafafunsa: a 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar da ta fito da Abubakar Imam da littafinsa Ruwan Bagaja, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da littafinsa Shaihu Umar. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya ce ta sa aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, kuma ba ita ta zo ta ɗaya ba, amma sunanta ne ake ambata idan ana maganar farkon mata marubuta labari da Hausa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, gajeren labari take karɓa ba littafi ba, amma ina ba ki shawara ki shige ta, domin matse labari cikin kalmomi ƙalilan shi ne ainihin horon da kike buƙata. A 2022 marubuciya daga Jamhuriyar Nijar, Amira Souley, ita ta lashe ta, wanda ya nuna cewa tasowa a ƙasar da ake boko da Faransanci ba ya hana mutum. Ki dai karanta sharuɗɗan kowace shekara da kanki, domin adadin kalmomi da iyakar shekaru sukan canza, kuma rubutu da yawa ana fitar da su ne kawai don sun karya sharaɗi.

Tunda kin ce kina rubutu da Faransanci ma, ki san cewa wannan wata ƙofa ce daban mai nata tsari. Gasar Voix d'Afriques, wadda gidan rediyon RFI da kamfanin ɗab'i na JC Lattès suke cikin masu shirya ta, tana karɓar littafin farko na matasa da ba a taɓa bugawa ba. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne na Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa. Littafinta Munyal ya fito a Yawunde a 2017, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, sannan ta sake zama ta yi masa aiki tare da wani kamfanin ɗab'i na Faransa, ya fito da sabon suna a 2020 ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne littafin da ya riga ya ci kyauta ne aka sake gyarawa. Mu kuwa sau da yawa muna ɗaukar rubutun farko a matsayin gamamme, mu ji ciwo idan an ce a taɓa shi. Ban ce ki bar Hausa ki koma Faransanci ba, ni dai ra'ayina shi ne ki rubuta da harshen da mutanen labarinki suke faɗa da sulhu da shi a cikin kanki. Sai dai kada ki aika rubutun Hausa inda ba a karanta Hausa sannan ki ɗauki shirunsu a matsayin hukunci.

Ita kanta al'adar tallar littafi a 'yan layuka daga Amurka da Ingila ta fi ƙarfi, inda marubuci yake neman wakili tukuna, wakilin ya kai littafin kamfani ya karɓi kamashonsa, yawanci kashi 15 cikin ɗari. Har an yi shekaru ana irin wannan gasa a Twitter, mutum ya taƙaita littafinsa a haruffa 280 ko wani wakili zai nuna sha'awa. Mu ba mu da wakilai a kasuwar littafin Hausa, shi ya sa gasa da ƙungiyoyin marubuta suke cike wannan gurbin, shi ya sa kuma 'yan damfara suke samun wurin shiga. A nan nake so ki yi hattara ƙwarai. Na taɓa biyan kuɗin rajistar wata gasa da aka yi ta yayatawa, aka karɓi kuɗin mutane da rubuce-rubucensu, ba a taɓa sanar da sakamako ba. Kafin ki aika komai ki bincika su wa suka ci a bara, ina littattafansu suke, su wane ne alƙalai. Ki karanta abin da aka ce game da haƙƙin mallaka, domin akwai masu rubuta cewa duk abin da aka aiko ya zama nasu ko an ci ko ba a ci ba, kuma irin wannan ba a shigarta ko nawa ne ladan. Wanda ya ce kin yi nasara amma sai kin biya kuɗin bugu, mai maɗaba'a ne yake neman ciniki. Ki riƙa ajiye kwafin rubutunki mai kwanan wata, ki aika wa kanki ta imel kafin ki aika wa kowa.

Sai maganar zuciya, wadda na san ita ce ainihin abin da ya sa kika yi tambayar. Faɗuwa a gasa tana da ciwo, musamman ga wadda ta rubuta littafi da dare bayan ta gama aikin gida, a waya, ana ɗauke wuta ana kawowa, kuma wataƙila a gidan ma babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ba zan ce miki kada ki ji zafi ba. Abin da ya taimake ni shi ne na daina buɗe rubutun a makon da sakamako ya fito, domin a lokacin ko dai mutum ya ga komai na ciki shara ne, ko ya ga alƙalai ne azzalumai, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne. Ki bar shi wata ɗaya ko biyu, ki fara wani gajeren labari a tsakani, sannan ki dawo ki karanta shi da babbar murya kamar na wata ne. Ki kuma bambance irin amsoshin da kike samu. Shiru ba ya nufin komai, wataƙila ma ba a buɗe saƙon ba. Amsar da aka aika wa kowa iri ɗaya ita ma ba ta koyar da komai. Amma idan wani alƙali ko edita ya ɗauki lokaci ya rubuta miki ko da layi biyu ne a kan abin da bai yi ba, ki riƙe wannan da kyau, ki gode masa, kada ki yi musu, domin ba a yi wa rubutun da ba shi da alamar rai wannan wahalar. Idan mutum biyu ko uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, to akwai gyara a wurin ko da ba ki yarda da maganin da suka kawo ba.

Buga littafi da kuɗin kai ba abin kunya ba ne, da haka adabin kasuwar Kano ya bunƙasa tun daga shekarun 1980, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsa. Amma su suna da kasuwa a bakin ƙofa da dillalai masu rarrabawa, mu kuwa a Garwa da Marwa da Ngaundare masu sayen littafin Hausa na takarda ba su da yawa, kuma na ga waɗanda suka buga ɗaruruwan kwafi suka jibge a ɗaki. Idan za ki bi wannan hanya, ki bi ta bayan an tace littafin, bayan kin san ta inda zai kai ga masu karatu a Najeriya da Nijar, ba don huce haushin gasa ba.

Abin da nake so ki yi a wannan makon shi ne ki rubuta labarinki a jimla biyar kamar yadda na kwatanta, ki karanta wa mutum biyu da ba su san shi ba, kuma ba masu jin nauyinki ba, ki ce su maimaita miki abin da suka fahimta. Bayan haka ki kawo mana jimlolin tare da shafin farko na littafin, ni da sauran 'yan uwa za mu duba, ni zan fi mai da hankali a kan ƙa'idojin rubutu da kuma ko shafin ya fara a inda matsalar tauraruwar ta fara. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a alƙalaminki.