Jan inabi a Sakkwato: launin yana ɓawo, ingancin yana gona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da gonar gado a gefen gulbin Rima, ni da ƙannena. Na ji cewa a Turai akwai gidajen da iyali ɗaya ke noman inabi suna yin jar giya tun kaka da kakanni, kuma ana yabon kayansu. Mu ba giya muke so ba, Allah ya tsare. Jan ruwan inabi muke son yi, irin wanda ake ajiyewa a teburin biki. Me ke sa nasu ya yi kyau, kuma ƙasarmu za ta karɓa? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Abin da ka ji gaskiya ne. Gidan Antinori na Italiya, alal misali, yana wannan sana'a tun shekarar 1385, zuriya 26 ke nan. Giyar tasu ba ruwanmu da ita, haram ce, kuma dokar shari'a ta hana ta a jiharmu. Amma mafi yawan abin da ake yabawa a kwalbarsu a gona aka gama shi, tun kafin a matse ƙwaya ɗaya, kuma wannan ilmin kowa na iya ɗauka.

Ka ɓare jan inabi ka duba cikinsa. A yawancin iri tsokar fara ce, ruwanta ba launi. Jan yana cikin ɓawo, haka ma mafi yawan ƙamshin. Baurin da ke kama harshe kuma daga sinadarin tanin yake, wanda ke cikin ɓawo da ƙwallayen ciki. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa murna da manyan ƙwayoyi masu cike da ruwa. Sun fi son ƙanana masu kaurin ɓawo, har sukan sare wasu 'ya'yan tun suna ɗanye su zubar, domin waɗanda suka rage su nuna sosai. Manomin da ya saba ƙirga amfani da buhu zai ga wannan asara ce. Iyalin da suka san jikokinsu za su ci wannan gonar su ne ke iya jurewa, kuma a ganina nan ne sirrin gidajen gado yake: sun san wane ɓangaren gona ke fara nuna, wanne ke riƙe ruwa, domin uba ya rubuta ya bar wa ɗa.

Yanzu ga maganar ƙasarmu, kuma a nan nake so ka natsu. Zafi ba ya hana kurangar inabi girma, amma yana hana ta yin ja. Idan zafin rana ya wuce digiri 35 a lokacin da 'ya'ya ke canza launi, jan ba ya kamawa da kyau, tsamin da ke daɗaɗa ruwan ya ƙone, a sami zaƙi salam. Ka san yadda bazarar Sakkwato take, daga Maris zuwa Mayu ana haura digiri 40. Duk inabin da ya nuna a wannan tsakani zai ba ka kunya a kwalba. Abin da Allah ya ba mu shi ne hunturu: rana mai haske, iska busasshiya, dare mai sanyi. Wannan ne ainihin yanayin da ɓawo ke so.

A ƙasashe masu zafi manomi ne ke zaɓa wa inabi lokacin haihuwa, ta hanyar datse rassa. Daga datsa zuwa girbi wata huɗu ne zuwa biyar. Manoman Nashik a Indiya suna datsa sau biyu, a Afrilu domin kuranga ta yi sabbin rassa, sai a Oktoba domin ta yi 'ya'ya. Idan kuka datse naku a ƙarshen damina, wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, launi zai kama a tsakiyar hunturu, ku girbe kafin zafi ya sauka. Kada ku bari ta ɗauki 'ya'ya da damina, domin laima na kawo ciwon fumfuna a ganye. Maganinsa na gargajiya, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, tun shekarun 1880 aka gano shi a yankin Bodo na Faransa, kuma har yau ana aiki da shi.

Kada ku dasa a ƙwaryar fadama inda ruwa ke kwanciya, saiwar inabi ba ta son jiƙa. Ku nemi jigawa mai tsane ruwa, ku yi ban-ruwa, ku kafa rumfa mai ƙarfi, ku yi shirin gara da tsuntsaye. Idan launi ya fara kamawa a rage ruwa. Amfanin kirki sai shekara ta biyu ko ta uku. Kafin ku sayi yankan reshe ko ɗaya, ku je Kudan a jihar Kaduna ku ga masu noman inabi da idonku, ku tambaye su wane iri ne ya fi duhun ɓawo.

Sai abin da ya fi damuna a tambayarka. Ruwan inabi ba ya jiran izinin kowa kafin ya zama giya. Akwai ƙwayoyin yis a jikin ɓawon, kuma da zarar an matse sai su fara cin sukari suna mayar da shi barasa da iska. Ka ga yadda gorar zoɓo ke kumbura idan ta kwana biyu ba sanyi? To na inabi ya fi sauri, don sukarinsa ya fi yawa. Maganin wuta ne. A 1869 Thomas Welch a Amurka ya ɗauki dabarar masanin kimiyya Louis Pasteur ta dumama abin sha, ya yi ruwan inabin da ba ya juyawa, kuma hanyar ke nan har yanzu.

Ku wanke, ku cire itacen, ku murƙushe ba tare da fasa ƙwallayen ciki ba, don su ke kawo ɗaci. Ku dumama shi da ɓawonsa a digiri 60 na kusan rabin awa, a nan jan ke sauka cikin ruwa. Ku tace, ku sake ɗora shi ya kai digiri 85, ku zuba da zafinsa cikin kwalaben da aka tafasa, a toshe nan take. Duk a rana ɗaya. Tukunyar da ke tsatsa, irin ta baƙin ƙarfe, tana ɓata launi, ku nemi ta ƙarfe marar tsatsa, da ma'aunin zafi. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa da aka buɗe, a zubar da ita.

Ka kuma lura, kwalaben da ke kasuwa iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla, akwai kuma giyar da aka yi aka cire mata barasa daga baya, wadda barasar da ta saura a cikinta kan kai har kashi 0.5 cikin 100. Naku irin na farko ne, ku rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jiki, kuma ku nemi rajistar NAFDAC kafin ku kai kasuwa. Ku fara da layi biyu ko uku, kowane girbi a rubuta ranar datsa, ranar da launi ya kama da ranar tsinka. 'Ya'yan da ba su kai na matsa ba ku shanya su a iskar hunturu ku yi zabibi.