Damuwar mai ciki tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri?

Tambaya: Likita, ina da cikin wata biyar. Maigidana ya tafi bida Abijan, wata uku ke nan ba waya ba aike. Barci ya ƙaurace mini, sai kuka. Surukata ta ce in ban daina ba zan haifi yaro mai yawan firgita. Gaskiya ne? Daga wata ƴar'uwa a Tawa.

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya sa a ji alheri daga maigida. Maganar Inna da ƙamshin gaskiya, sai dai abin bai kai yadda ta tsorata ki ba.

In hankali ya tashi, jiki yana zuba wani sinadari cikin jini mai suna kotizol. Mabiyiya kuwa tana kashe ƙarfin mafi yawansa kafin ya isa ga ɗan da ke ciki, shi ya sa ɓacin ran kwana biyu ba ya yin komai. Wadda muke gudu ita ce damuwar da ta yi zaman dirshan wata da watanni. A nan shingen da mabiyiya ke yi yakan yi rauni, kotizol ya riƙa ƙetarawa yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da riƙe abu a kai. Irin wannan damuwar tana kuma iya jawo haihuwar bakwaini.

A 1998 ruwan ƙanƙara ya katse wuta a Kebek ta Kanada, wasu gidaje har makonni cikin tsananin sanyi. Masu bincike sun bi yaran da ke ciki a lokacin, suka ga waɗanda uwayensu suka fi shan wuya sun ɗan yi baya wajen magana suna ƴan shekara biyu. Ɗan baya fa na ce. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa shekaru bayan haihuwa, nono da goyo da yi wa jariri hira suna gyara da yawa.

Ni rashin barcin nan ya fi damuna, kuma ina zaton abincin ma ba ya shiga. In kin je awon ciki ki faɗa wa ungozoma duk abin da kika faɗa mini, kada kunya ta hana ki. Ki ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin masassarar cizon sauro. Maganin barci na masu talla a tire kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki sha.

Ki samu wata ƴar'uwa ta riƙa kwana ɗakinki. In kuma kika fara jin rayuwar ta ishe ki, ranar nan ki tafi asibiti, kada ki jira ranar awo.