Amsar Tambayar Kawu Kan Cacar Gwamnati a Ƙasashen Turawa

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da mutanen gida a Gumel, ga amsar tambayar da kuka aiko, wato ko gaskiya ne a nan Ingila gwamnati ce da kanta ta tsaya wa caca, kuma ko mu Hausawan Birmingham muna sa hannu a ciki.

Gaskiya ne. Tun 1994 ake yin National Lottery, wato cacar ƙasa, amma gwamnati ba ta gudanar da ita da hannunta, sai dai ta ba kamfani guda lasisi. Camelot ne ya riƙe ta har zuwa farkon 2024, sannan Allwyn ya karɓa. Mutum zai biya fam 2 ya zaɓi lambobi 6 daga 1 zuwa 59, ko a kantin unguwa ko ta manhajar waya, kuma dole ya kai shekara 18. Damar dacewa da dukkan lambobin ba ta wuce ɗaya cikin kusan miliyan 45 ba. Wanda ya ci ba a cire masa haraji. A Amurka kuwa kowace jiha da tata dokar. Yawancinsu sun haɗu a manyan cacar da ake kira Powerball da Mega Millions, ana kuma cire haraji mai nauyi, yayin da irin su Utah da Hawaii ba su yarda da ita ba sam. Wannan ya yi kama da inda Najeriya ta koma bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2024, wanda ya ce harkar caca ta jihohi ce, ba ta tarayya ba.

Mu dai ba mu da saɓani kan haramcin sayen tikiti, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar wurin gardama ba. Mai neman dunƙulallen kuɗi adashi yake shiga, kamar yadda ake yi a gida. Inda kawunanmu ke rabuwa shi ne wajen kuɗin da cacar ke zubarwa cikin gari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin tikiti yana tafiya ayyukan jama'a, irin su wuraren wasannin yara da ɗakunan taro da gyaran tsofaffin gine-gine, kuma kowace ƙungiya tana iya neman tallafi daga gidauniyar da ke raba kuɗin. Idan aka zauna taro, za ku ji wani ya ce kuɗin ya sauya hannu, ya zama na al'umma, wani kuma ya ce ruwan da ya fito daga rijiya mai najasa ba ya tsarkaka don an canza masa guga. Ni ina tare da na biyun, musamman idan abin ya shafi masallaci ko Islamiyya. Akwai kuma ɗaliban da ke aiki a kanti, inda na'urar tikitin take daf da wurin karɓar kuɗi, mai saye ya miƙo takardar lambobinsa tare da burodi da madara. Wasu sukan roƙi a mayar da su jera kaya, wasu kuma babu yadda za su yi.

Game da saƙon da kuka ce ya shigo wayar yaran gida cewa lambarsu ta ci miliyoyi a Ingila, 'yan damfara ne. Dokar cacar nan ta ce sai mutum yana cikin ƙasar zai sayi tikiti, ba a ci sai da tikiti, kuma ba a neman wanda ya ci ya fara biyan wani kuɗi. Ku hana su tura ko sisi, ko lambar asusun banki.