Amsa kan Hilux mai jinkirin kama giya da safe

Assalamu alaikum 'yan group. Alhaji, ranka shi daɗe, na ji saƙonka kan Hilux ɗin nan mai shan gas, otomatik, wadda in ka tashe ta da safe a Birnin Kebbi ka sa D sai ta yi jim kafin ta kama. To kada ka bari a sauke maka giya tukuna.

Ka fara aunawa da agogo. Ka bari mota ta yi zafi, ka ja hambirki, ka taka birki, injin yana silo. Daga N zuwa D, Toyota ta ce kada ya kai daƙiƙa 1.2, zuwa ribas kuma 1.5. Sau uku za ka yi, da hutun minti ɗaya tsakani.

In da safe kaɗai take yi, bayan nan ta koma garau, yawanci man giya ne ya tsiyaye daga kombata, wato abin da ke haɗa injin da giya, cikin dare, famfon giya na cika shi. Ka ba ta minti ɗaya kafin ka sa giya. Wannan da sauƙi.

Sai mai. Injin na aiki ake dubawa, a wuri miƙaƙƙe, bayan ka zagaya sandar giya daga P har ƙasa ka dawo. Tsohuwar mai giya huɗu tana da gejin duba man giya. Masu giya biyar da shida galibi babu, ta ƙasa ake dubawa, da kwamfuta tana nuna zafin man, kuma man giya na Toyota mai suna WS suke sha, ba kowane jan mai na kan tebur ba. Ka ɗiga shi a farar takarda ka shinshina. Ja mai haske, lafiya. Baƙi mai ƙauri, faibar kulocin cikin giya ta fara ƙonewa. In ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, ko ta lagireto, ko wajen ratsa fadama da damina, irin na hanyoyin ƙauyukan Argungu. Wannan kam a kashe mota nan take, ruwa na ɓare faiba.

In ya yi kumfa kuma, mai yiwuwa famfo na zuƙar iska ne. A kwance kwanon ƙasa, a duba matata da robar wuyanta, a duba maganaɗisun. Baƙin gari mai laushi ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe shi ne matsala. Lita 3 ko ƙasa da haka za ta fito, alhali giyar na ɗaukar kusan 10, don haka canji ɗaya bai sabunta man duka ba.

Ka lura kuma wanne ke jinkiri. D kaɗai, kulocin gaba. Ribas kaɗai, nasa ɓangaren. Duka biyun, ƙarfin mai ne ya faɗi, a ɗaura geji a auna, a sa kwamfuta ta duba solonoyid, wato bawul ɗin lantarki masu sarrafa man giya. A duba silo ma, in ya yi ƙasa famfo ba ya samun ƙarfi.

Don Allah kada ka riƙa ba ta wuta tana jinkirin, in ta kama da bugu faiba take ci. Turo mana shekarar motar da hoton man a takarda.