Gane irin ayaba tun ba ta yi nono ba

Malam, ka tambayi yadda za ka gane irin ayabar lambunka na Mirriya tun ba ta haihu ba. Duba hannun ganyen, wurin da ya rabu da kara. In kwarin da ke jikin hannun a buɗe yake kamar indararo, karan kuma da dabbare-dabbaren baƙi, Kabandish ce, ta ci ɗanya. Gajerarta mita 2 ce ko ta ɗan haura, shi ya sa iskar hunturu ba ta cika kayar da ita ba. In bakin kwarin ya haɗe, karan kore fes, da farar hoda da ke kama yatsa, ta dafawa ce mai 'ya'ya masu kusurwa, ta fi jure ƙishi. Amma kada tsawo kaɗai ya ruɗe ka, rashin ruwa da taki ma kan tsumburar da doguwa.